Jirgin ruwan da muka ɗauka mu biyu kawai a Nungwi, Zanzibar: abin da na gani

Tun da muka dawo ƙawayena suke ta damuna a WhatsApp, wai jirgin nan da suka gani a hotunana nawa ne, ta ina ake kama shi, ke da kike tsoron ruwa ya aka yi kika yarda kika shiga. Na gaji da amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, da mai daɗin da mara daɗin, wadda za ta je ta san me za ta tarar.

Shekararmu bakwai da aure kuma ba mu taɓa fita mu biyu ba, lokacin biki babu hali, bayan nan kuma yara suka zo, sai bana Allah ya nufa muka bar su wajen Hajiya muka tafi na kwana shida a farkon Satumba. Ta Addis Ababa muka bi, daga filin jirgin Abeid Amani Karume kuma mota ta kai mu Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin Unguja, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Kar ki manta akwai inshorar dole ta dala 44 da suke karɓa kan kowane baƙo tun Oktoban 2024, ki sa ta a lissafi tun daga gida. Dalilin da ya sa oga ya zaɓi Nungwi shi ne gaɓar wajen da ta maƙwabciyarta Kendwa yamma suke kallo, rana a cikin teku take faɗuwa a gabanki, saɓanin su Paje da Jambiani da ke gabas, su fitowar rana suke samu.

Yawon jirgin na kallon faɗuwar rana iri biyu ake sayarwa. Akwai na haɗaka, a zuba mutum ashirin ko fiye a jirgi ɗaya da masu ganga da sifika da giya, mu an ce mana dala 30 kowane mutum. Akwai kuma wanda za ku ɗauka ku kaɗai, daga ku sai matuƙi da yaransa. Ranar farko da yamma muna zaune a bakin ruwa na ga na haɗakar ya wuce, ana ta tsalle ana ihu mata rabi tsirara, na dubi oga na ce Abban yara ni fa ba zan shiga wannan ba ko kyauta ne. Ya ce dama bai yi niyya ba. Sai muka nemi na mu kaɗai. Wani mai ɗan shago kusa da otal ɗinmu ya fara da dala 150, aka yi ta ja har aka tsaya a 120 na awa biyu, da 'ya'yan itace da abin sha da kuma ado wai na masoya. Wajen cinikin nan ne na fara jin daɗin yarensu, don hamsini ɗinsu hamsin ɗinmu ce, ishirini ashirin, arobaini arba'in, kina jin lambar kin gane ba sai an fassara ba. Amma ki kula da agogonsu. Su daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga awa, don haka da wani yaronsu ya turo saƙo ya ce saa kumi na nusu na ɗauka goma da rabi yake nufi har na fara faɗa wane irin faɗuwar rana ne da goma da rabi, ashe 4:30 na yamma ke nan. Ki sa su rubuta miki lokacin da lamba irin ta waya.

Abu biyu muka jaddada musu tun wajen biya, har oga ya maimaita a rubuce: ba ma son giya a cikin jirgin ko kaɗan, a musanya mana da lemon tsamiya, kuma muna son rigar kariya daga nutsewa guda biyu masu kyau. Suka ce hamna shida, wato babu matsala. Duka biyun sai da aka samu matsala.

Da farko dai babu wani dandamali da za ki taka ki shiga, jirgin yana ɗan nesa da gaɓa, sai kin kutsa cikin ruwa har gwiwa sannan ki hau wani ɗan tsani na katako. Babu wanda ya gaya mana haka, na zo da doguwar abaya da takalmi mai tsini, ƙarshe a hannu na riƙe takalmin abayar kuma ta jiƙe sharkaf tun kafin a tashi. Ki sa wando a ciki da silifas na roba, wayarki kuma a leda. Da muka shiga na ce ina rigunan, yaron ya jawo guda biyu daga ƙarƙashin benci, ɗaya lafiyarta ƙalau ɗayar maɓallinta ya karye an ɗaure da igiya. Wallahi nan take raina ya ɓaci. Ni 'yar Kano ce, ban manta hatsarin jirgin Bagwai na 2021 ba da yaran Islamiyya da suka rasu a ruwa, tun lokacin ko kwale-kwale na gani a talabijin sai gabana ya faɗi, kuma na bar yara uku a gida. Na ce ba inda za ni sai an kawo wata. Oga ya ce Hajiyata ki yi haƙuri ki sa mai kyan ni na iya ruwa, na ce a'a, iyon kogin garinku daban teku daban. Sai da yaron ya koma gaɓa ya aro wata a wani jirgin, muka yi asarar kusan minti ashirin kuma ba a ƙara mana su a ƙarshe ba. Ban yi nadama ba ko kaɗan, kuma ina roƙon duk wadda za ta je ta duba rigar da hannunta kafin a kunna inji.

Giyar kuma, muna cikin tafiya yaron ya buɗe kula sai ga kwalba a kwance cikin ƙanƙara tare da ruwan da za mu sha. Matuƙin, wani dattijo mai furfura da suke kira nahodha, shi da kansa ya yi wa yaron faɗa da yarensu ya sa aka cire ta aka tura can bayan jirgi, ya juyo yana ta ce mana samahani, samahani, wato a yi haƙuri. Na gane laifin na mai shagon ne da bai isar da saƙo ba, amma lemon tsamiyar da aka yi alkawari gora ɗaya tak aka zo da ita, sauran lemon kwalba ne. Adon masoyan ma dai ba wani abu ba ne, jan ƙyalle a kan katifa, fulawoyi an jera su kamar zuciya, da kyandir biyu da iska ta kashe kafin mu yi nisa. Fulawoyin kuwa kafin minti goma rabinsu na cikin teku. Idan za a rage miki kuɗi a cire adon, ki ce a cire.

To duk da wannan me ya sa nake cewa kuɗin bai tafi a banza ba? Saboda abin da ya faru bayan mun wuce Kendwa.

Jirgin na katako ne, irin wanda suke ce wa dau, kuma a nan Nungwi ake sassaƙa su, da safe ma mun ga masu aikin a bakin ruwa ƙarƙashin inuwa suna fafe katako da gizago suna cusa auduga a tsakanin alluna don kar ruwa ya shiga. Lokacin da muka je iskar kudu ce ke kaɗawa, wadda suke kira kusi, ita ce ta tsakiyar shekara, ta arewa kuma kaskazi sai wajen Disamba zuwa Maris. Saboda haka da inji muka gangara kudu muna fuskantar iska, otal-otal na hagunmu tsibirin Tumbatu na damanmu can nesa, ƙarar inji da warin fetur har na fara jin jiri ina tauna citta ina cewa a raina wannan ne abin da aka biya dala 120. Sai Baba nahodha ya juya kan jirgin ya kashe injin. Yaran biyu suka kama igiya suna ja suna wata 'yar waƙa da baki, wani ƙaton farin ƙyalle mai kusurwa uku duk faci ya tashi sama, tanga suke ce masa, iska ta cika shi ya yi wani bum, jirgin ya ɗan karkata ya fara tafiya da kansa.

Shirun nan ban san yadda zan kwatanta shi ba. Babu inji, babu jenareta, babu hon, babu yaro mai kiran Mama, ba ki jin komai sai ruwa yana shafar katako da igiya tana ɗan ƙara. Jirina ma ya tafi, don tafiyar iska ba ta da jijjiga irin ta inji. Baba da yaransa suka koma can baya suka ba mu wuri, ba su ƙara sa mana baki ba sai da muka kira su, kuma wannan kunyar tasu ta burge ni sosai, irin tarbiyyar da muka sani ce a gida. Aka ajiye mana faranti da abarba da mangwaro da kankana da ɗanyar kwakwa an fasa kanta, madafu suke ce mata, ruwanta sanyi ƙalau. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa muka yi hirar da mun fi shekara ba mu yi irinta ba, ba ta kuɗin makaranta ba ba ta cefane ba, har oga ya tuno min ranar da ya fara zuwa zance gidanmu ruwan sama ya tsare shi a zaure. Mutumin da ko a mota waya na kunnensa, awa guda cur bai taɓa ta ba. Na san a jirgin haɗaka da ganga a kanmu da idon mutane ba za mu taɓa yin wannan hirar ba, kuma ni wannan na biya.

Rana ta faɗi wajen 6:20. Can kusa da tsakiyar duniya suke shi ya sa ba ta jan lokaci, tana taɓa ruwa kafin ki gama gyara mayafi ta nutse, don haka hotunan da kike son fuskarku ta fito ku yi su kafin shida, bayan nan inuwarku kawai za ta fito. Ɗaya daga cikin yaran ya iya ɗaukar hoto sosai, ya san inda zai tsaya ƙyallen ya fito a bayanmu. Daidai lokacin kuma masunta ke fita kamun dare, jirage sun fi ashirin a jere kowanne da farin ƙyallensa suna wuce mu ana ɗaga hannu ana sallama, sama ta yi ja kamar garwashi. Na yi ta tasbihi ban ma san ina yi ba.

Da magariba ta yi oga ya ce wa Baba magharibi, ya gane nan take. Oga ya sunkuya ya ɗebi ruwan teku da kofi ya yi alwala yana tuna min hadisin da muka koya a Islamiyya cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne. Ni da na tashi neman alƙibla sai na juya wa inda rana ta faɗi baya kamar yadda muka saba, Baba ya girgiza kai ya nuna min gaban jirgin. Ashe daga Zanzibar Makka arewa take kusan sak, ba gabas ba, kuma mu arewa muke komawa, wato kan jirgin da kansa alƙibla yake kallo. Oga ya ja mu, Baba ya bar wa yaro ɗaya sitiyarin ya bi sahu, ni a zaune na yi a bayansu saboda lilon jirgin. Ban taɓa sallah a kan ruwa ba sai ranar, kuma har yanzu idan na tuna sai in ji idona ya kawo ruwa.

Dawowar ce ta ƙara tayar min da hankali kaɗan, duhu ya yi kuma jirgin ba shi da fitila ko ɗaya sai tocilan ɗin waya, ga wasu jiragen masu inji suna giftawa da gudu. Baba ya san hanyarsa, fitilar hasumiyar Nungwi ma tana gabanmu, amma dai ya kamata a ce akwai fitila. Banɗaki ma babu, ki kintsa tun daga otal, mai juna biyu ko mai saurin amai kuma ta yi shawara da kanta tukuna. Mayafi mai kauri zai yi amfani don da rana ta faɗi iskar ta koma sanyi, ni da jiƙaƙƙiyar abaya har haƙorana suna haɗuwa sai da oga ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓa min.

Idan maki zan bayar, mai shagon biyu cikin biyar, Baba da yaransa biyar cif. Shi ya sa da muka sauka oga ya ba su na goro a hannunsu da shilin ɗin Tanzaniya, bai bi ta wajen mai shago ba, don ban yi tsammanin wani abin kirki ke isa gare su daga kuɗin da muka biya ba. Baba ya riƙe hannun oga da hannu biyu yana ta addu'a, mun gane amin ɗin dai da sunan Allah. Mun karɓi lambar yaronsa, in Allah ya sake kai mu kai tsaye za mu neme su, a tashi tun ƙarfe huɗu, ba ado ba kyandir, kuma zan ce a kashe injin da wuri.