KoboToolbox wajen haɗa bayanan ruwan sama da na kogi: ya yi, amma ba rumbu ba ne

Masu bincike a kwarin kogi ɗaya, a ce na Haɗeja, sukan sha fama da abu guda: mai auna ruwan sama a Wudil yana da littafinsa, mai duba tsayin kogi a Gashuwa yana da nasa, ranar haɗawa sai rigima. Nan KoboToolbox, wani dandalin tattara bayanai ta fom a waya, ya yi rawar gani. Ana tsara fom ɗaya, kowa ya sauke shi a manhajar KoboCollect a wayar Android, ya cike ko babu intanet, ya tura in ya samu sabis. Tambayoyin ana iya rubuta su da Hausa, kuma ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai.

Tsarin kyauta yana karɓar fom 5,000 a wata, da wurin ajiya gigabait 1. Tashar awo 40 masu tura fom ɗaya kullum fom 1,200 ke nan a wata, da sauran wuri. Hotuna ne ke cinye ajiyar, don haka a rage girmansu.

Aikin duk a tsara fom yake. Kada a bar ma'aikaci ya rubuta sunan tasha da hannu. A jera sunayen ya zaɓa, in ba haka ba Wudil ɗaya za ta koma tasha uku. A sa iyaka a gurbin lamba, don wanda ya nufi 12.5 ya danna 125 fom ya tsayar da shi. A tsayar da ma'auni ɗaya, milimita ga ruwan sama, santimita ga sandar auna kogi. Sai babbar matsalar: sifili daban, gurbin da aka bari fayau daban. Ɗaya na nufin ba a yi ruwa ba, ɗaya ba a je an duba ba. A ware wa wannan tambayarsa. A kuma riƙa duba agogon wayoyin, don kwanan watan daga can fom yake ɗauka.

Inda ya gaza: in aka sauya sunan gurbi bayan an fara aiki, bayanan sukan fito a layi biyu, sai an bi an haɗa. Na'urar da ke auna kogi da kanta duk minti 15, wato sau 96 a rana, ba hurumin Kobo ba ce. Haka tantance bayanai da adana su shekara da shekaru. Gara duk ƙarshen wata mutum ɗaya ya sauke su a CSV, wato fayil ɗin jadawali, ya tace, ya zuba a ma'ajiyar da duk masu binciken suka amince da ita.