Hattara da tallan "i7, ram 16": tsohuwar kwamfuta ake sa wa sabon kwali

Jama'ar Gombe, musamman masu shagunan buga takardu, masu makarantu da masu shirin buɗe cibiyar jarrabawar JAMB, a kula da tallan da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp: "Sabuwar kwamfutar tebur, Core i7, ram 16, Windows 11, cikin rahusa, ana turawa ko'ina." Ba duk mai irin wannan talla ne macuci ba. Amma masu cutar ta ƙofa ɗaya suke shiga: sun san mai saye ya haddace cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, daga nan ba ya ƙara tambaya.

To, i7 suna ne kawai, tun 2008 kamfanin Intel ke sa wa farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi. Shekarun farosesa suna cikin lambar da ke biye da sunan. A i7-2600, wannan 2 ta farko tana nufin janareshan na biyu, fitowar 2011. i7-3770 na uku ce, 2012. i5-8500 kuwa na takwas ce, 2018. Idan lambobin biyar ne, kamar i3-10100, biyun farko ake karantawa, wato na goma, fitowar 2020. Wannan i3 da ake rainawa ta fi i7-2600 sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka "i7 ce" ya tsaya nan, ka ce ya ƙarasa lambar. In ya shiga kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Ganin Windows 11 a kan allo ma ba shaida ba ne. A ƙa'idar Microsoft, sai farosesar Intel ta kai janareshan na takwas, kuma na'urar tana da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikinta, kafin a ɗora Windows 11. Akwai hanyar ɗora ta da ƙarfi a kan tsofaffi, kuma kowane mai gyara ya san ta. Matsalar ita ce babu tabbacin irin wannan kwamfuta za ta ci gaba da samun sabuntawa, ga shi an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Sitikar i7 da ke jikin akwatin ba ta da wani amfani, a kasuwa ake sayar da ita. Wadda ta fi wannan muni ita ce sauya sunan farosesa a cikin rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta. Layi ɗaya ake gyarawa, sai tsohuwar i3 ta fito da sunan i7 a shafin bayanan kwamfuta, mai shago ya juyo maka allo ya ce, "Alhaji duba da idonka." Kada ka duba inda ya nuna maka. Ka kashe na'urar ka kunna da hannunka, ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka duba sunan farosesar a can: maɓallin F2 ake dannawa a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. Sannan ka zo da manhajar CPU-Z a filashinka, ba wadda ke kan kwamfutarsa ba, domin ita daga jikin farosesar take karantowa. Ka dubi layin Cores da Threads, wato adadin injinan da ke cikin farosesar da layukan aikinsu. Ana iya sauya suna, amma adadin nan ba ya ƙaruwa da rubutu: i5-8500 shida take nunawa a duka biyun, i7-2600 huɗu da takwas, i3-2120 biyu da huɗu.

Sunan akwatin shi ma yana tona asiri. HP EliteDesk 800 G1 ta janareshan na huɗu ce, sai G4 ake samun na takwas. A Dell akwai tarko guda da ya kamata a sani: OptiPlex 7010 iri biyu ce. Akwai ta 2012 mai janareshan na uku, akwai wadda kamfanin ya sake fitarwa da wannan suna a 2023 mai na goma sha uku. Macuci zai turo maka hoton sabuwar, ya aiko da tsohuwar, in ka yi magana ya ce ai 7010 kuka yi ciniki. Lambar Service Tag mai haruffa bakwai da ke jikin akwatin ita ke raba gardama, ka sa ta a shafin Dell ka ga abin da aka haɗa ta da shi tun daga masana'anta.

Akwai kuma masu akwatin gilashi mai fitilu kala-kala, waɗanda ake yaudarar matasa masu zane da wasanni da su. Waje sabo fil, ciki kuwa tsohuwar farosesar Xeon E5 ce da aka cire daga sabar (babbar kwamfutar) wani kamfani, aka ɗora a madabod (faifan da ake jona duk sassan kwamfuta a kai) marar suna, ana ce mata "daidai da i9". Tana aiki, ba a ce ba ta yi ba, amma ba sabuwa ba ce, kuma ba kuɗin sabuwa ya kamata ta ci ba.

Yanzu batun ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, wadda ke zuwa sanda-sanda. A nan sata ta fi sauƙi, domin cire sanda ɗaya ba ya ɗaukar minti guda. A gwada maka da giga 16, ka biya, a ce "bari yaro ya sa maka a kwali", ka isa gida ka tarar da 8 ko 4. Bayan gwaji kada na'urar ta bar gabanka. Ka sa a buɗe murfin ka karanta takardar da ke jikin kowace sanda: PC3 na nufin tsohon nau'in ram DDR3, PC4 na nufin DDR4 da ya biyo bayansa. Janareshan na biyu zuwa na huɗu da DDR3 suke aiki, na takwas kuwa galibi DDR4. Tsagar da ke ƙasan sandar ma ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Ke nan wanda ya ce na takwas ce, ka buɗe ka ga PC3, da wuya in ba ƙarya yake yi ba. A Task Manager, ƙarƙashin Performance, sashen Memory zai nuna jimillar ram da ramuka nawa aka cika. Sanda mai lahani kuma ba ta nuna kanta nan take, sai ana tsakiyar aiki allo ya koma shuɗi. Ka buga mdsched, manhajar gwajin ram, a wurin binciken Windows, ka bar gwajin ya kammala kafin ka ƙirga kuɗi.

Ga mai aikin Word da Excel da intanet, i3 ko i5 daga janareshan na takwas, ram 8 da ma'ajiyar fayil ta SSD mai giga 256 sun wadatar. Mai CorelDRAW ko Photoshop ya nemi 16, kuma sanda biyu masu 8 iri ɗaya sun fi guda mai 16 sauri.

Masu sayen ashirin ko hamsin lokaci guda su aka fi yi wa ta'adi. Kamar kwandon tumatir ne, manya a sama. A gwada uku masu kyau, sauran a loda a mota. Kowace sai an kunna ta. In kaya daga Legas ko Kano za su taso, kada a tura kuɗi duka a zauna jiran direba a tasha. A samu wani amintacce a can ya yi gwajin nan, ya ɗauki hoton lambar kowane akwati. Rasit kuma ya ɗauki cikakkiyar lambar farosesa, girman ram da nau'inta, lambar akwati, da kwanakin da aka yarda za a iya mayarwa. Wanda aka riga aka cuta ya adana hoton tallan, saƙonnin ciniki da shaidar tura kuɗi ta banki, ya kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC na Gombe, kuma kada ya bari kowa ya taɓa cikin na'urar kafin a duba ta.