Sayen littafin soyayya mai ƙarshen kuka a guruf ɗin WhatsApp: ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Da can a kasuwa ake samun littafin soyayya, na ɗaya da na biyu da na uku, ko a karɓo haya a shagon unguwa. Yanzu marubutan, waɗanda mata ne suka fi yawa a cikinsu, sun koma waya. Marubuciya za ta saki shafuka goma zuwa ashirin kyauta, ta tsaya cak daidai ranar da za a ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so. A ƙasan shafin akwai lambar asusun banki. Kuɗin galibi tsakanin naira 500 ne da 1,000, na VIP, wato na musamman, ya ɗara haka. Ki tura, ki ɗauki hoton shaidar biya ki aika mata, ta saka ki a guruf. 'Yan Nijar da sefa suke biya ta wata lambar daban, wani lokaci ma da katin waya.

Ta fuskar araha babu abin kushewa. Rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma kuɗin hannun mai littafi yake shiga kai tsaye, babu ɗan kasuwar da zai riƙe mata ciniki. Ga labarin barkwanci ko na zaman kishi, tsarin ya yi daidai.

Labarin da zai ƙare da mutuwa ko rabuwa shi ne ke shan wahala, don yawancinsu ana rubutawa ne ana sakawa, shafi ɗaya a rana. Ƙarshen baƙin ciki kuwa sai an shuka shi tun farko: tarin da aka yi banza da shi a shafi na 8, alkawarin da uba ya ɗauka a gaban mutane ba zai iya janyewa ba. Wadda ba ta san inda za ta sauka ba ba za ta iya wannan shukar ba. Ga kuma 'yan guruf a kanta dare da rana. Da sun hango kabari sai roƙo ya ɓarke: "Aunty, don girman Allah kar ki kashe mana shi." Wasu har da barazanar ficewa. Marubuciyar da ke son su sayi littafinta na gaba sai ta karaya, abu ɗaya cikin biyu ya faru. Ko dai wanda aka yi wa sallah aka binne ya dawo a shafi na 70, wai ashe gawar wani ce, ko kuma a ja labarin har ya gundure ta, ta jefa masoyan cikin mota a hanyar Kaduna, taya ta fashe, shi ke nan. Hatsarin mota da bugun zuciya sun kashe taurarin littafi fiye da kima. Mai karatu za ta yi kuka, amma kukan takaici ne, don ba halin kowa ba ne ya jawo mutuwar.

Waɗanda suka iya, daga abin da kowa ya sani suke ɗauko ciwon. Misali cutar sikila. Saurayi mai jinsin jini AS, budurwa ma AS, wato suna ɗauke da ƙwayar halittar cutar amma ba su da ita, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinsin jini. Ke nan takarda guda daga asibiti ta isa ta raba mutum biyu bayan an kai lefe, babu boka, babu muguwar uwar miji, babu wanda za a zaga. Wannan ne ke tsaya wa mai karatu a maƙogwaro. A nan kuma ake gane wadda ta yi bincike: ba ta cewa lallai ɗa na huɗu ne zai kamu, kuma idan ta kashe miji ta san takaba wata huɗu da kwana goma ce, sai dai mai ciki, ita haihuwa ce ke fitar da ita.

Shi kansa guruf ɗin yana da nasa matsalolin. WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, kuma kowa na ganin lambar kowa, abin da ya kamata matar aure ta duba kafin ta shiga. Idan an bar ƙofar magana a buɗe, shafin yau zai nutse cikin ɗaruruwan saƙonni, kuma wadda ta riga ki karantawa za ta faɗi wanda ya mutu tun kafin ki sauke tukunya. A labarin kuka wannan asarar kuɗi ce tsaf. Marubuciyar da ta san aikinta guruf biyu take buɗewa, ɗaya na shafuka a kulle, ɗaya na sharhi. Telegram ya fi dacewa, don akan iya barin sabon shiga ya ga shafukan baya, kuma akwai damar hana kwafa da turawa. A WhatsApp kuwa, kwana kaɗan da kammalawa za a ga littafin yana yawo kyauta. Gyaran rubutu ma sai a hankali: babu ƙ, babu ɗ, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya.

Akwai manhajoji irin su Wattpad da ArewaBooks, inda babi ke jere ba a cakuɗe ba. Sai dai manhaja ma ba ta dawwama, OkadaBooks ta rufe a 2023.

Saboda haka 'yar uwa, kafin ki tura kuɗi ki tambaya ko an gama rubuta littafin, shafi nawa ne, kuma kuɗin na duka ne ko na littafi na ɗaya kawai, don akan tsaya a tsakiya a ce na biyu sai an sake biya. Idan an gama, ki nemi a ba ki shi a dunƙule, fayil guda, ko da za ki ƙara ɗari biyu. Idan ba a gama ba kuma kin matsu, ki nemi tsohon littafinta da ta kammala, ki karanta shafuka biyar na ƙarshe.