Wi-Fi Ba Ya Kaiwa Ɗaki: Rifita, Mesh Ko Jan Kebul?

Yawancin rautocin da ake sayarwa a shagunan titin Ahmadu Bello an ƙera su ne da tunanin gidaje irin na Amurka, inda bangon cikin gida katako ne da allo marar kauri. Mu kuwa a Kaduna bulo mai inci tara muke ɗorawa, mu yaɓe shi ciki da waje, mu zuba rodi a ginshiƙi, in bene ne a yi dekin na kankare, ƙofa ta ƙarfe, taga da bagila. Saboda haka nisan da aka rubuta a jikin kwali ba da mu ake ba. Bango biyu irin namu sun isa su raunana Wi-Fi, na uku kuma sai ka ga waya tana nuna sanda ɗaya, bidiyo yana ta juyi.

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar da inda cutar take. Tsaya kusa da rautar ka gwada gudun intanet da Speedtest ko fast.com, sannan ka shiga ɗakin da ake kuka da shi ka sake gwadawa. In kusa da rauta lafiya lau, a ɗaki ne abin ya faɗi, to matsalar Wi-Fi ce, kuma ita nake magana a kai. In kuwa ko a gindin rautar rarrafe yake yi, to sabis ɗin layin ne ba shi da ƙarfi a unguwarku ko cunkoso ya yi masa yawa, kuma babu rifita ko mesh da zai ƙara maka abin da bai shigo gidan ba. Sai dai ka canza wa rautar wuri, ka sa mata eriyar waje in tana da wurin ɗaurawa, ko ka gwada wani layin. Mai shago zai iya nuna maka abin da suke kira busta, mai ƙara ƙarfin sabis ɗin waya. Hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta yi gargaɗi cewa saka irin wannan ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne, domin yana dagula wa maƙwabta sabis. Ka bar masa kayansa.

Akwai gyaran da kyauta ne. Ciro rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗora ta sama, nesa da firiji, madubi babba da tankin ruwa, don ƙarfe da ruwa duk suna cinye siginar. In rautarka mai zango biyu ce, ka sani zangon 2.4GHz ya fi ratsa bango da nisa amma ya fi cunkoso, na 5GHz ya fi gudu amma bango ɗaya mai kauri kan karya shi. A unguwa mai cunkoso irin Tudun Wada ko Unguwar Shanu, inda wayarka za ta nuna maka sunayen Wi-Fi na maƙwabta rututu, shiga saitin rautar, a zangon 2.4GHz ka zaɓi tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna. Wasu gidajen wannan kaɗai ya wadatar.

Sai dai mu da yawancinmu rauta mai sim muke amfani da ita, ta MTN ko Airtel ko Glo, muna da wata matsala da ba a cika faɗa ba. Sim ɗin yana son bakin taga, ɓangaren da ke kallon eriyar kamfani, musamman in 5G ce (sabis ɗin layi, ba zangon 5GHz na Wi-Fi ba), wadda bango ke saurin dusashe ta. Wi-Fi kuwa tsakiyar gida yake so. Akwati ɗaya ba zai zauna wuri biyu ba. Masu Starlink, wadda ta shigo Najeriya a farkon 2023, su ma haka: intanet ya zo da gudu har falo, amma sashen uwargida da ɗakin samari na bakin zaure shiru. Dole dai a nemi na'ura ta biyu, tambayar ita ce wacce.

Rifita, wannan ɗan abin da ake cusa wa a soket, shi mai shago zai fara miƙo maka. Siginar da ta riga ta raunana yake kamawa ya maimaita, kuma da yake da rediyo ɗaya yake saurare yake magana, gudun kan ragu da kusan rabi. Sanda za ta cika a waya, intanet ɗin kuma babu. Na'urar da ke bi da intanet ta wayar wutar gida, wadda ake kira powerline, a gidan da ke da canjoba, janareta, inbata da sitabilaiza, ga layin wuta uku kowane ɗaki da nasa, ɓarnar kuɗi ce. Sayen babbar rauta mai eriya shida ma ba ya rage kaurin bango, kuma ko ita ta yi ihu har ɗaki, wayarka da ƙaramar eriyarta ba za ta iya mayar da amsa ba.

Mesh ya fi su mutunci, ba zan ɓoye ba. Akwatuna biyu ko uku ne masu suna ɗaya, kana yawo a gida waya tana sauya wanda ya fi kusa ba tare da ka taɓa komai ba, kuma da manhajar waya ake saita shi cikin mintuna. TP-Link Deco, Tenda Nova da Mercusys Halo su aka fi gani a kasuwa. Ga ɗan haya a fulat a Barnawa ko Malali wanda mai gida ba zai bari ya huda bango ba, shi ne zaɓi. Amma ka duba bakin kebul ɗinsu: Deco E4 da Nova MW3 iyakarsu megabit 100, Deco M4 da Nova MW6 kuwa gigabit ne, wato megabit 1000, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Sannan su ma akwatunan ta iska suke magana da juna, bangon da ya hana wayarka shi zai hana su, don haka ba a cikin ɗakin da ya mutu ake ajiye na biyun ba, a tsakani ake sa shi inda har yanzu siginar ke da rai. Kowane akwati kuma yana buƙatar wutarsa. In an ɗauke wuta, wanda ba ya kan inbata ya mutu, duk wanda ke bayansa ya bi shi.

Ni dai in ka tambaye ni, ja kebul. Kebul ɗin intanet, Cat5e ko Cat6, daga bayan rautarka zuwa sashen da ke fama, sai ka sa na'ura ta biyu a can ta riƙa watsa Wi-Fi sabo fil. Kebul bai san bango ba, bai san dekin ba, kuma har mita 100 yana kai gigabit ba ragi. Da wuya ka sami gida a Kaduna, ko irin manyan gidajen Unguwar Rimi masu bikiyu a baya, da tsakanin falo da ƙarshen fili ya wuce haka. Rautar sim ta zauna a tagarta inda sabis yake, Wi-Fi kuma ya fito daga inda mutane suke zama. Matsalar nan ta akwati ɗaya wuri biyu ta warware ke nan.

Abin daɗin, na'ura ta biyun ba lallai sabuwa ba ce. Tsohuwar rauta da ke kwance a durowa za ta yi. Yawancin na TP-Link da Tenda na yanzu suna da zaɓin Access Point a saitinsu, wanda ke mayar da rauta mai watsa Wi-Fi kawai, dannawa ɗaya ne. In tsohuwa ce sosai, a kashe mata DHCP don kada ta riƙa rabon adireshi tare da babbar, a canza mata nata adireshin, a cusa kebul ɗin a ramin LAN. Ka ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babbar, amma tasha daban, wannan a 1 waccan a 11. Yaron da ke gyaran kwamfuta a unguwarku zai gama wannan kafin shayi ya huce. Sharaɗi ɗaya: babbar rautar ta kasance tana da ramin kebul. Ƙaramin MiFi na aljihu yawanci ba shi da shi, kuma dama ba don gida aka yi shi ba. Masu Starlink su duba tasu, ƙirar ƙarni na biyu sai an sayi adafta daban, ta uku kuwa da ramukanta ta zo.

Ga gida irin namu mai tsakar gida da ɗakuna kewaye, abin da ya fi burge ni shi ne na'urar waje, wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin indararo tana kallon tsakar gida. Siginar ba ta ratsa bango huɗu a jere, ta taga da ƙofa take shiga kowane ɗaki. TP-Link EAP225-Outdoor mai zango biyu ce da gigabit; ƙanwarta EAP110-Outdoor ta fi araha amma 2.4GHz kawai take yi. Duk biyun ta cikin kebul ɗin intanet suke shan wuta, abin da ake kira PoE, wato ba ka buƙatar soket a waje. Ka haɗa rauta da adaftar PoE wuri ɗaya a kan inbata, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba, duk gidan yana da intanet. Kuma in daga baya ka sayi mesh, wannan kebul ɗin zai haɗa akwatunan su daina dogaro da iska, ba ka yi asara ba.

To, yanzu ga inda ake yanka mutane, kuma nan nake so ka natsu. Kebul na gaskiya zallar jan ƙarfe ne, wato kofa a Turance. Kasuwa kuwa ta cika da wanda ake kira CCA, sanholo ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya, a kwali kuma an buga Cat6 da manyan baƙaƙe. Wani mai aikin waya ya taɓa ja mini irinsa har bikiyu, ya karɓi kuɗin orijina, ya shafe bututun da siminti. Da farko lafiya, daga baya gudun ya koma megabit 100, na'urar waje ta riƙa kashe kanta tana tashi, a ƙarshe sai da aka fasa filasta. Dalili a fili yake: sanholo bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, kusan kashi sittin cikin ɗari nasa yake iyawa, don haka wutar PoE takan zube a hanya, kuma yana da saurin karyewa, lanƙwasa biyu uku ya tsinke a cikin roba ba ka gani ba. Zara takwas ne a cikin kebul, gigabit na buƙatar duka takwas ɗin; ɗaya ya tsinke, sai ya koma 100 ko ya mutu gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Gane shi ba wuya. Ka ce a yanko maka ɗan guntu daga ainihin kwalin da za a auna maka, ba wanda ke ajiye kan kanta don nuni ba. Fere robar, ka kankare zaren da reza: in ciki ya fito fari kamar azurfa, jabu ne, na gaskiya ja ne har zuciya. Ko ka kunna masa ashana, sanholo zai lanƙwashe ya zube nan take, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Akwai ma wanda baƙin ƙarfe ne aka shafe, shi maganaɗisu ke tona masa asiri. Cikakken kwali mita 305 ne, kuma na jabu za ka ji shi sakayau a hannu. In mai shago ya ce maka, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, kamfani ɗaya ke yi," ka ce masa, "To Malam, bari mu kankare mu gani." In ya fara hanya-hanya ka san amsa. Kuma kada ka ba mai aiki kuɗi ya sayo, ka je da shi ko ka sayo da kanka, domin a nan ribar tasa take ɓuya. Ka lura da awo ma, akwai lambar mita a jikin robar, ka karanta ta farko da ta ƙarshe ka cire.

Jabun bai tsaya a kebul ba. Akwai rifita marasa sunan kamfani masu eriya huɗu ko shida, in ka ɓalle su ka tarar wasu eriyoyin roba ce zalla ba waya a ciki, a kwali kuma an rubuta 1200Mbps. Ko a kan kayan gaske wannan lambar tarawa ce, AC1200 na nufin 300 a zango ɗaya da 867 a ɗayan, wayarka ba za ta taɓa ganin jimlar ba. Akwai rauta ta hannu da aka goge aka sa a sabon kwali. Duba ko lambar da ke ƙasan na'urar ta yi daidai da ta kwalin, ka duba ramukan ko akwai ƙura da karce. Akwai masu musanya adaftar wuta ta kamfani da marar nauyi, ita ce ke sa rauta ta riƙa sake tashi da kanta. Ƙananan batiran rauta da ake kira mini UPS su kuma ƙaryar tasu a lambar mAh take, mai nuna yawan cajin da batir ke ɗauka, ka ɗaga ka ji nauyi, ka kuma tabbata 9V ko 12V rautarka ke sha kafin ka cusa. PoE ma iri biyu ne, akwai mai 24V akwai mai 48V, ka yi amfani da adaftar da ta zo da na'urar kawai.

Wajen jan kebul ɗin, duk inda zai bi waje a sa shi cikin bututun roba, don ranar bazara takan busar da robarsa ta tsattsage, ɓera ma ba ya raina shi a cikin silin. Kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta. Kada kuma a rataya shi a iska daga wannan rufi zuwa wancan, damina a Kaduna da tsawa take zuwa, kuma tsawa in ta faɗi kusa takan bi irin wannan kebul ta ƙone ramin rauta. A binne shi, in tsakanin gini biyu ne a sa masa abin kariyar tsawa a haɗa da layin ƙasa. Ka bar rarar mita ɗaya ko biyu a kowane ƙarshe saboda ranar da za a sake matse kan. Kafin ka biya mai aiki cikon kuɗinsa, kuma kafin a shafe bututu da siminti, ya sa abin gwajinsa ka ga fitilu takwas sun kama ɗaya bayan ɗaya, sannan ka shiga ɗakin can na ƙarshe, ka rufe ƙofa, ka sake gwada gudun da wayarka.