Gilashin jaka biyar da ya kai ɗalibaina gaban farin shak

Abin da na saya akwati ne na roba mai gilasai biyu a ciki, da maɗauri da ake zagayawa a kai, da aljihu a gaba inda ake zura waya. Masu shagon waya a Kasuwar Dole VR suke ce masa, kuma jaka biyar na biya bayan ciniki. Ba shi da batir, ba shi da allo, ba ya cin kuran. Duk aikin na wayarka ne, shi dai gilasan suna ƙara girman hoton, robar kuma ta rufe maka abin da ke gefe. Na gamsu da shi, amma akwai sharuɗɗa, kuma mai shago ba zai faɗa maka su ba sai ka tambaya.

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Damagaram. Idan muka zo darasin numfashi cikin ruwa, kifin da yara suka sani shi ne tarwaɗa da karfasa na Gidimuni, sai banda da ake kawowa daga Tafkin Chadi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wannan rekan ɗin da ke cin mutane, da gaske akwai shi ko na fim ne?" Shak take nufi, babban kifin nan na teku, rekan sunansa ne da Faransanci. Tambayar ta zauna mini a rai. Yarinyar da take tashi da asuba ta bi layin famfo da jarka, ta ina za ta yarda akwai ruwan da kifi mai mita 5 ke yawo a ciki shekara da shekaru bai ga ƙarshensa ba?

Kafin in zo kan gilashin, akwai abin da ya kamata a sani. Babban farin shak ba a ganinsa a gidan kallon kifi, ko a Paris ko a Dubai. An gwada an kasa. Waɗanda suka fi kowa daɗewa da shi su ne ma'aikatan gidan kifi na Monterey Bay a Kalifoniya: sun riƙe wata ƙarama kwana 198, daga 2004 zuwa 2005, sannan suka mayar da ita teku bayan ta fara kashe wasu kifayen da ke tare da ita. A Okinawa ta Japan, a 2016, an saka babba mai mita 3 da rabi a tanki, kwana uku ya mutu. Kifi ne da dole ya yi ta tafiya baki a ɗan buɗe don ruwa ya ratsa ya samu iska, kuma matafiyi ne na gaske. Akwai wata da masu bincike suka liƙa wa na'ura a Afirka ta Kudu a 2003, suka sa mata suna Nicole. Ta je Ostareliya ta dawo, kusan kilomita 20,000, cikin ƙasa da wata tara.

Zuwa bakin teku ma ba ya wadatarwa. Ko ka bi ta Kano ka sauka har Legas, ko ka je Kwatano, ruwan can ya yi masa ɗumi. Ya fi son wanda ke tsakanin digiri 12 da 24. Masu kuɗi suna zuwa Gansbaai a Afirka ta Kudu, ko tsibiran Neptune a kudancin Ostareliya, a saka su cikin kejin ƙarfe a zura su ruwa. Tsibirin Guadalupe na Meziko, inda ruwa ya fi haske, gwamnatin ƙasar ta rufe shi ga masu wannan yawon tun Janairun 2023. A Gansbaai kuwa, tun 2017 wasu orka biyu, manyan dabbobin teku masu farauta, da ake kira Port da Starboard, suka riƙa kashe farin shak suna cinye hantarsa, har kifayen suka yi ƙaranci a wurin, mutum ya biya kuɗin jirgi ya wuni a teku bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka yaron Garin Malam da ya saka wannan gilashi bai kasa akasarin mutanen duniya da komai ba. Su ma ta allo suke ganinsa.

Bidiyon da ake buƙata shi ne mai digiri 360, wanda aka ɗauka da kyamara mai kallon ko'ina lokaci guda. Akwai su da yawa a YouTube, kyauta, kuma mafi kyau su ne tsofaffin na Guadalupe. Ka danna alamar gilashi a ƙasan bidiyon, allon ya rabu biyu, ka zura wayar. Sai ka tsinci kanka cikin keji, sandunan ƙarfe a gabanka, ƙananan kifaye na wucewa, sama haske, ƙasa shuɗi mai duhu da ba ka ganin iyakarsa.

A nan ne gilashin ya yi abin da talabijin ba ta taɓa yi mini ba. A talabijin mai kyamara ne ke nuna maka inda za ka duba. A nan kai ne za ka nema, kuma sau da yawa ba ka samunsa sai ya riga ya iso. Kana duban dama, ka juya hagu, ga shi a gefenka. Abin da na sha faɗa wa yara da baki, cewa bayansa toka-toka ne cikinsa fari don ya ɓace wa wanda ke samansa da wanda ke ƙarƙashinsa, sai ga shi suna gani da idonsu: idan ya nutsa ƙasan kejin, ido na rasa shi cikin daƙiƙa biyu. Suna iya ƙirga tsagu biyar na gefen wuyansa inda ruwa ke fita. Suna ganin tabon raunuka a fatarsa. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne natsuwarsa. Ba ya gudu, ba ya haushi, wutsiyarsa kawai ke kaɗawa a hankali, ya zagaya ya duba ya wuce. Wani yaro ya cire gilashin ya ce, "Mushe, ai bai kula mu ba." Gaskiya ya faɗa. Duk nau'in shak na duniya a haɗe, mutanen da suke kashewa a shekara ba su cika wuce goma ba, alhali mutane na kashe miliyoyinsu. Shi farin ma yana cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma Afirka ta Kudu ce ta fara kafa dokar kare shi a 1991.

Girma ne kaɗai gilashin ba ya bayarwa daidai, don cikin ruwa babu abin gwadawa. Sai na ɗauko igiya na auna mita 6 a tsakar aji, tsawon manyan matansu ke nan, yara suka kwanta a jere har huɗu kafin su cike ta. Daga nan ne sauran bayanin ya shiga: haƙora kusan 300 jere bayan jere, wanda ya faɗi wani ya maye gurbinsa, jiki babu ƙashi sai guringuntsi, ƙananan ramuka a hanci da ke jin lantarkin da ke fita daga jikin abin farauta, jiki mai ɗumi fiye da ruwan da yake ciki, rayuwa da kan kai shekara 70.

Yanzu sharuɗɗan. Na farko, kuma mafi girma: sai wayar tana da jiroskop, ƴar na'urar da ke gane juyawar kai. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da ita, kuma idan babu, hoton zai tsaya cak ko ka juya har wuyanka ya yi ciwo. Na ga wani abokin aiki ya saya ya kai gida, abin bai yi ba, mai shagon kuma ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Allon wayar ma yana da magana, don ana raba shi biyu sannan a ƙara masa girma. Idan mai rauni ne, ɗigo-ɗigo za ka gani kamar ta bayan rariya.

Mega kuma yana ci ba kaɗan ba. Bidiyo mai digiri 360 idan ba a saka shi a babban inganci ba, hazo ne kawai, kuma idan rezo ya yi rauni yana tsayawa daidai lokacin da kifin ya taho. Gara a sauke shi da dare a ajiye a waya, a buɗe da manhajar da ke karanta irinsa.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu waya cikin rufaffiyar roba ba ta minti goma sai ta yi zafi ta rage haske, zufa kuma ta lulluɓe gilasan. Lokacin hunturu ya fi daɗi, amma ƙura na karce su, roba ce ba gilashin gaske ba, don haka a jaka nake ajiye shi. Kada a bar shi gilasai na kallon rana da waya a ciki, yana ƙona allo. Soson da ke taɓa fuska ya fara ɓarewa da wuri, ƙaramin rimot ɗin da aka haɗo da shi kuma bai yi mini amfanin komai ba. A aji mai yara sama da 70 ina goge shi tsakanin kowane yaro da na gaba saboda ciwon ido, kowa minti biyu, kuma a zaune, don wasu jiri na ɗibarsu. Wanda ya ji tashin zuciya ya cire nan take.

Na kai wa Inna ta gwada. Na ce, "Inna, ku juya a hankali, yana bayanku." Ta juya, ta yi salati, ta riƙe hannuna gam, amma ba ta cire ba sai da bidiyon ya ƙare. Da na gaya mata cewa a ƙasar Tawa ana tono haƙoran wasu dangin shak cikin duwatsu, daga zamanin da teku ya ratsa Sahara miliyoyin shekaru da suka wuce, sai ta ce in sake sa mata daga farko.

Ga malamin makaranta, ko uban da ke da waya mai ƙarfi da yara masu tambaya, jaka biyar ɗin ta biya kanta. Wanda ke nufin kallon fim na awa biyu da shi kuwa ya riƙe kuɗinsa, nauyin wayar a kan hanci ba zai bar shi ba. Ka je shagon da wayar da za ka yi amfani da ita, da bidiyon a ciki, ka saka a kai nan gaban mai shago, ka matsar da gilasan har hoto biyun su zama ɗaya, ka juya hagu da dama. Idan hoton bai bi kanka ba, kada ka biya.