Wurin gashin ƙashin da nake kai yarona bayan ƙyanda ta taɓa masa ƙwaƙwalwa

Wata 7 ke nan ina kai yarona wata ƙaramar cibiyar gashin ƙashi a nan Kano, duk Litinin da Alhamis. Mata da yawa sun tambaye ni ko wurin ya kai a kashe masa kuɗin adaidaita, to ga abin da idona ya gani.

Yana da shekara 3 ƙyanda ta kama shi a lokacin bazara. Ƙurajen sun fara bushewa, har mun ce an tsallake, sai ga zazzaɓi ya dawo, ya kama jijjiga, idanu suka kakkafe. Kakarsa ta ce iska ce, a kawo turare. Babansa bai tsaya ba, ya saɓe shi sai asibiti. Aka ɗebi ruwa a gadon bayansa don a tabbatar ba sanƙarau ba ne. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ce ta kumbura, kuma cikin yara 1,000 da suka yi ƙyanda, kusan ɗaya kan gamu da haka. Tunda bairas ce, babu allurar da ke kashe ta, sai dai a tsayar da jijjigar, a ba shi bitamin A da ƙarin ruwa, a saurari ikon Allah. Ban kai shi rigakafin wata 9 ba, balle na wata 15. Abin yana cin raina har yau.

Da aka sallame mu, wuyansa ba ya tsayawa, hannun hagu a dunƙule, magana ta ɗauke.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali a cibiyar shi ne Malamar da ke duba shi ba ta yi mini alkawarin banza ba. Ta ce ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon sabuwar hanya, amma ba ta san iyakar inda zai tsaya ba, kuma minti 40 ɗin da take yi da shi ba zai wadatar ba in ni ban ɗora a gida ba. Maman Abba take kirana, ta zaunar da ni a tabarma, ta kama hannuna ta nuna mini yadda zan miƙe masa yatsu a hankali ba tare da fizga ba. Tana kifa shi a kan wata babbar ƙwallo don wuya ya yi ƙarfi. Da na ce ba ni da irinta, sai ta ce in naɗe bargo. Don yatsun kuwa, murafen kwalba ta sa na tara, yana tsinta yana jefawa a kwano. Ban taɓa jin ta daka wa yaro tsawa ba, ko da yana tsala kuka.

Akwai abin gyara. Layi yana da tsawo, in ba ki je kafin ƙarfe 8 ba sai azahar. Rumfar jira ta kwano ce, ga yara masu farfaɗiya a cikin zafin nan. Matakala uku ce a ƙofa, na sha ganin wata uwa tana kokawar ɗaga ɗanta mai shan inna da takalmin ƙarfensa. Babbar damuwata ita ce ba su da mai koyar da magana, maganin jijjiga ma sai mun koma asibiti.

Duk da haka ban fasa zuwa ba, kuma wadda ta tambaye ni zan ce ta je, ta riƙo takardun asibitin yaron da ruwan sha. Yanzu Abba yana zama da kansa, yana dafa sanduna biyu na koyon tafiya da ke cibiyar ya yi taku huɗu ko biyar. Alhamis ɗin da ta wuce ya ɗauki murfin kwalba da hannun hagun, Malama ta kira ni in zo in gani.