Zagayen famfon Dokta John Snow a Soho, Landan: sharhi

Zagaye ne na ƙafa tare da jagora, kusan awa biyu. Tsayuwa ta fi tafiya yawa, don haka a sa takalmi mai daɗi, a riƙo lema.

Gundarin abin yana titin Broadwick, wanda ake kira Broad Street a 1854, shekarar da kwalara ta kashe mutum 616 a unguwar. Baƙin famfon tuƙa-tuƙa marar hannu da ke wajen kwaikwayo ne. Gurbin rijiyar wani jan dutse ne a bakin titi, in ba a nuna maka ba sai ka taka shi ka wuce. Likitocin zamanin sun ɗora laifin cutar a kan gurɓatacciyar iska. Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, ya gano yawancinsu a famfon nan ne, har hukuma ta cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba.

Inda jagoran ya burge ni shi ne bayanin waɗanda suka tsira. Gidan marasa galihu na titin Poland yana da mutum 535, biyar kacal suka mutu, domin suna da tasu rijiyar. Wata tsohuwa kuma can Hampstead, da ake yi wa dakon ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa, ta mutu. Limamin coci Henry Whitehead ne ya gano tushen: an zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa a masai na gida mai lamba 40, wanda bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, bulonsa kuma ya tsattsage. Wanda ya san gidajen da rijiya ke maƙwabtaka da shadda a damina ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Sai dai jagoran ya ce cire hannun ne ya kashe annobar. Ba haka ba ne: ta riga ta fara lafawa, mutane da yawa sun gudu. Aikin Snow na sa barci kuwa, wanda ya kai shi shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom a haihuwarta ta 1853 da 1857, a gurguje aka taɓa shi. An dai ce an haife shi a York a 1813, ya rasu 1858. Mashayar da ke gefen famfon sunansa gare ta, alhali ya yi shekaru yana yaƙi da shan giya.

Jagoran ba shi da lasifika, ga hayaniyar motoci, sai ka matsa kusa. Taswirar Snow ta gidajen da aka mutu, wadda jagoran yake ɗagawa, ƙarama ce. Buga taka daga intanet kafin ka je.